Idon Aro na 'Yar Mai Hoto

Sunan da iyayensa suka sa masa ya ɓata tun shekarar da ya buɗe shago. Kar-ka-motsa kowa yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci, don maganar da ta fi fita daga bakinsa ke nan daga buɗe ƙofa zuwa rufewa. Mai hoto ne. Shagon ɗaki ɗaya ne, matse tsakanin mai gyaran agogo da wani kemis, an raba shi biyu da katako. A gaba akwai labule uku: mai teku, mai matakalar wani gida da ba wanda ya taɓa hawa, sai fari na fasfo. Akwai fitilu biyu masu lema, da kujerar da sai an cusa mata kwali a ƙafa take tsayawa, da kwat guda ɗaya a jikin ƙusa, wadda rabin mazan layin da ita suka nemi aiki.

Idan kana so ka ga ɓacin ransa, ka ce masa sana'arsa ɗaukar hoto ce. Haba! Ɗauka kuma? Ko jariri ka miƙa wa kyamara ai zai danna. Shi aikinsa yana bayan katakon nan, gaban kwamfuta, inda yake zama ya gyara abin da yake kira kuskuren haske. Ƙurji kuskuren haske ne. Furfura kuskuren haske ce. Kunnen wani direba da ya buɗe kamar ƙofar mota, shi ma haske ne ya yi kuskure. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa hoton katin fansho, ya zauna ya yi mata aiki tsakani da Allah, ta kai ofis aka ce ta koma ta turo uwarta. Da ta dawo tana masifa bai ga laifinsa ba ko kaɗan, cewa ya yi ma'aikatan yanzu ba su san hoto ba.

Yana da doka ɗaya da ba ya karyawa. Da ya gama gyara, sai ya goge hoton asali. Ya samo wannan ne tun yana sabon hannu, ranar da wata amarya ta leƙo bayan katako ta ga fuskarta kafin gyara, ta yi zaman dirshan tana kuka har kwalliyar ta narke, dangin ango na waje suna jira. Tun ranar ya yanke cewa hoton da ba a gyara ba tsiraici ne, mutumin kirki kuwa ba ya ajiye tsiraicin jama'a. Shi ya sa ba ya ga maciji da wani mai hoton da ke ƙarshen layi, mai yawon makarantu da kyamara a wuya, wanda ake kira Yanke-kai saboda ba ya ɗaukar mutum biyar ba tare da ya sare kan ɗaya ba. Kar-ka-motsa ko gaisuwarsa ba ya amsawa da baki, sai da gira.

To wannan mutumin, da abincinsa kallon fuskar mutane ne, shi ne ya yi shekara uku idon 'yarsa na lalacewa a gabansa bai gani ba.

'Yar tasa ɗaya ce tilo. Rediyo ake ce mata, don tun da bakinta ya buɗe ba a sake jin shiru a gidan ba. Tana ba da labarin abin da maƙwabta suka dafa, da wanda ya faɗi a kan keke, da abin da uwarta ta ce kar a gaya wa Baba. Uwar tela ce, keken ɗinkinta na falo kusa da taga, kuma ita kaɗai ce ke iya jin surutun keke da na Rediyo lokaci ɗaya ba tare da ta karkata ɗinki ba. Shi kuwa uban, son da yake yi wa yarinyar har ya yi yawa. Ranar ɗaya ga kowane wata sai ya kai ta shago, ya tsayar da ita gaban labule mai teku, ya ɗauke ta, ya wanke, ya sa a firam, ya kafa a bangon falo.

Tana shekara huɗu hazbiya ta fito mata a fatar idon hagu. Ba wanda ya damu, wane yaro ne ba ya hazbiya? Ta warke, wata ta fito a dama. Ta warke, biyu suka fito tare. Da safe kwantsa ta manne mata gashin ido sai an jiƙa, idon ya kaɗa ya yi ja, hawaye na zuba ba kuka take ba. Ta riƙa cewa, "Mama, an zuba mini yashi a ido." A duba, ba yashi. Abin da ya fi komai shi ne haske. Da rana ta shigo ta taga sai ta rarrafa ƙarƙashin teburin yanka na uwarta, ta ci gaba da watsa labarai daga can.

Mai kemis ɗin jikin shago shi ya zama likita, kuma duk zuwa da sabuwar cutar da yake ganowa. Ya ce sabulu ne, aka sake sabulu sau huɗu. Ya ce matashin kai ne, aka ƙona matashi. Ya ce talabijin ce, aka lulluɓe talabijin da zane kamar mai jin sanyi. Daga ƙarshe ya ce kyanwar maƙwabta ce, aka yi zaman sulhu da maƙwabta, aka sa baiwar Allah a kwali aka kai ta wata unguwa, ta dawo da ƙafarta bayan kwana uku, idon Rediyo na nan yadda yake. Sai ya ba su wani maganin ɗigawa mai jan murfi. Wannan kam ya yi abin mamaki, kwana biyu ido ya yi fari tas. Da an daina sai jan ya dawo da ƙarfinsa, sai a sake sayowa. Haka suka riƙa yi, ba wanda ya tambayi abin da ke cikin kwalbar.

Ranar hoto ta zama ranar yaƙi. Fitilun nan masu lema na walƙawa, yarinya ta ƙwalla ƙara ta runtse ido. "Kar ki motsa! Buɗe idon, 'yar Baba, sau ɗaya tak!" Ina! Ya ɗauki ashirin, duk ashirin ɗin ido a rufe, fata a kumbure. Ya zauna gaban kwamfuta ransa a jagule. Kumburi ba matsala ba ne, ja ma ba matsala ba ne, amma yaya za ka gyara idon da ba a buɗe ba?

Nan shaiɗanin gwaninta ya raɗa masa dabara. Akwai wani hotonta tana shekara uku, idanu dara-dara, farare, suna kallon ɗan gefen hagu saboda ranar uwarta na tsaye a wajen da biskit a hannu. Ya yanko idanun nan biyu, ya ɗora su a kan sabuwar fuskar, ya shafe gefe-gefen, ya daidaita haske. Ya ja kujera baya ya duba. Wallahi ko shi da ya yi aikin bai ga wurin haɗin ba. Ya buɗe wa idanun wurin ajiya na musamman a kwamfuta, ya sa masa suna "ido". Daga wannan watan aiki ya zo da sauƙi. A tsayar da yarinya, ta yi ihu, a ɗauka, a kai ta gida, shi kuma ya ɗauko ido ya liƙa. Da fuskar ta ƙara girma sai ya ɗan buɗa su kaɗan. 'Yan ƙurajen da suka fara feso mata a kumatu kuwa, shafa ɗaya yake yi musu.

Bango ya cika. Hoto sama da talatin, yarinya na girma, haƙora na faɗuwa suna fitowa, riguna na sakewa, amma ido ɗaya ne, kullum yana kallon biskit ɗin da aka cinye shekaru da suka wuce. Baƙi su shigo su tsaya gaban bango su ce, "Kai, tubarkalla, wannan ido haka!" Sannan su sunkuya su gaida mai idon a ƙarƙashin tebur, sanye da baƙin tabaran ubanta da aka ɗaure da igiyar roba.

Abin da zai ba ka haushi shi ne, ba ƙarya yake yi ba. Ya yarda da bangon. Idan matar ta ce, "Baban Rediyo, idon yarinyar nan fa ba sauƙi," sai ya nuna mata firam ɗin ƙarshe ya ce, "Ke dai ba kya gode wa Allah. Dubi na watan jiya, ina ciwo a nan?" Ita ta san yana gyara, ta ɗauka ja yake ragewa kamar yadda yake rage wa kowa. Har wayarta ba ta tsira ba. Duk ƙarshen mako sai ya karɓa, wai zai rage mata nauyi, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya yi musu wanka, ya goge na asali.

Tana shekara bakwai Rediyo ta mutu. Ba yarinyar ba, Allah ya kiyaye, surutun. Ta koma zama shiru a ƙarƙashin tebur, ba labarin maƙwabta, ba na keke. Malamarsu ta aiko cewa ba ta kwafar abin da ke allo. Wata safiya uwar ta miƙa mata kofi ta ce ta zuba ruwa, ta zuba a gefen kofin, ta ci gaba da zubawa. Uwar ta jawo ta bakin ƙofa, ta ɗaga mata fatar ido da yatsa yarinyar na fizgewa, sai ta ga wani farin tabo, hakiya, ya fara hawa baƙin idon hagu. Ta kashe keke, ta ɗauki mayafi, ta ja yarinyar har shago.

"Rufe shagon nan," ta ce.

"Ina da fasfo uku."

"Kar-ka-motsa, ko ka rufe ko in rufe da kai a ciki. Asibitin ido za mu."

Ya rufe. Amma sai da suka biya gida ya ɗauki albam ɗin hotunan Rediyo, don shi ba ya zuwa wurin manya hannu rabbana.

Likitar idon gajeruwar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta rage hasken ɗakin, ta zaunar da Rediyo gaban wata na'ura mai wurin ɗora haɓa. Kar-ka-motsa ya matso yana leƙen gilashin na'urar, har ya fara tambayar ƙirar wace ƙasa ce, matarsa ta taka masa ƙafa. Likita ta ce wa yarinyar, "Yawwa, kar ki motsa." Ya ji wani iri, kamar an sa rigarsa ba a tambaye shi ba.

Ta daɗe tana dubawa. Ta danna bakin fatar idon a hankali, ta ɗiga wani ruwa mai launin rawaya, ta sake dubawa da shuɗin haske, ta auna ƙarfin ruwan idon. Sannan ta fara tambaya. Tun yaushe? Hazbiya sau nawa? Fuskarta na yin zafi ko ƙuraje idan ta sha rana? Akwai mai irin wannan a dangi? Uwar na cewa shekara uku, uban na cewa ai yana zuwa ne yana tafiya, galibi ma lafiyarta lau. Likita ta dube su ta ce, "Kuna da hotunanta na baya? Zan so in ga yadda fuskar da idon suke yi idan abin ya tashi."

Allah sarki! Ba a taɓa yi wa Kar-ka-motsa tambayar da ta yi masa daɗi irin wannan ba. Ya zaro albam ya ɗora a tebur da hannu biyu. "Ranki ya daɗe, wata-wata ne. Ba wanda ya tsallake."

Likita ta buɗe. Ta juya shafi, ta juya, ta koma baya, ta sake zuwa gaba. Ta ɗaga kai ta dubi yarinyar da ke zaune ido a runtse yana tsiyaya, ta dubi hoton ƙarshe.

"Wannan yaushe aka ɗauka?"

"Sati biyu ke nan."

"Malam, wannan idon na wane ne?"

"Nata ne mana."

"Nata?"

"Nata ne, ranki ya daɗe. Ban taɓa sa mata na wani ba, ni ba na irin wannan aikin. Nata ne na shekara uku."

Ɗakin ya yi tsit. Shi kuwa da ya ga an yi shiru ya ɗauka sha'awa ce, ya shiga bayani, yadda ake yankowa, yadda ake shafe gefe, yadda yake ƙara musu girma kaɗan-kaɗan. Likita ta cire tabaranta ta ajiye. Matarsa ta jawo albam ɗin gabanta tana bin hotunan da yatsa, ɗaya, biyu, goma, duk suna kallon gefen hagu. Ta ce da muryar da ba ta fita sosai, "Biskit ɗin nan ne. Ni ce a tsaye a wurin." Ta rufe albam ɗin, ta kawar da kai daga mijin.

"Na asalin fa?" in ji likita.

"Ai ba na ajiye tsiraici."

Likita ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ba za ta jira hoto ba, yau za a fara magani, don abin da ta gani ya isa. Tana kyautata zaton wata cuta ce da ake kira rozeshiya. An fi saninta a fuskar manya, tana sa ja da ƙuraje, amma a yara sau da yawa ta ido take fara shigowa, fuskar ma wani lokacin ba a ganin komai, shi ya sa ake ta ɗora wa sabulu da kyanwa laifi. A bakin fatar ido akwai ƙananan ƙofofi da ke fitar da maiƙon da ke hana ido bushewa. Nata sun toshe sun kumbura, su ne hazbiyar da ke ta dawowa. Kumburin ya daɗe har ya taɓa gilashin da ke kan baƙin ido, ƙananan jijiyoyin jini sun fara hawa kansa, tabo ya fara zama. "Na dama za mu cece shi, in Allah ya yarda. Na hagu za mu tsayar da ɓarnar inda ta kai, amma ba zan yi muku alkawarin ya koma yadda yake ba."

Ta karɓi kwalbar mai jan murfi ta karanta, ta jefa a aljihun tebur ta tura. Ta ce irin wannan maganin ba a ɗiga wa yaro shi sai da idon likita a kai, yana ɓoye ja, yana kuma iya kashe ido a ɓoye, su gode wa Allah ƙarfin ruwan idon bai hau sosai ba. Ta rubuta abin da za a yi. Tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, a ɗora a ido rufe safe da yamma, a murza fatar a hankali, a goge gindin gashin ido. Ruwan ɗigawa mai sanyaya ido. Sai maganin sha na ruwa, na tsawon watanni, ba fashi ko da an ga sauƙi. Ta ce akwai ƙwayar da ake ba manya, amma ba a ba mai shekara bakwai saboda tana ɓata launin haƙora.

"Haƙori ai ba komai ba ne, ranki ya daɗe," in ji Kar-ka-motsa. "Minti biyu nake mayar da shi fari."

Kallon da likitar ta yi masa, da na matarsa da ya biyo baya, su suka sa bai sake buɗe baki ba sai a bakin titi. Kafin su fita likita ta ce duk da haka a nemo mata hoto ko ɗaya ne wanda hannunsa bai taɓa ba, tana so ta ga kumatun, don ta san ko za a haɗa da likitan fata.

Aka bincike gida. Wayar uwar, wanke. Katin makaranta, wanke. Har hoton da ke jikin katin rigakafi ido na kallon biskit. Dangi duk wanda aka tambaya sai ya turo wanda uban ya aika masa. Matar ta tsaya a tsakiyar falo ta riƙe ƙugu ta ce, "Saura mutum ɗaya. Shi ke ɗaukar 'yan ajinsu duk shekara."

"Gara in mutu."

"To mutu, amma ka biya ta wurinsa tukun."

Washegari da hantsi mutanen layi suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Kar-ka-motsa na tafiya ƙarshen layi kamar mai zuwa ta'aziyya. Shagon Yanke-kai ba shago ba ne, rumbu ne. Kwalaye har rufi, hotuna sun manne da juna, wasu ɓera ya ɗanɗana. Mutumin bai taɓa goge hoto ko ɗaya ba a rayuwarsa, ba don aƙida ba, bai san inda ake dannawa ba ne. Ya tarbi baƙon da fara'a kamar ba shekara goma ake amsa masa da gira ba, ya share masa kwali ya zauna, ya shiga tono.

Ya fito da uku, na aji ɗaya, da na biyu, da na bana. A duka ukun malamar ba ta da kai. A ɗaya ma rabin layin baya sun tafi, sai wuyaye. Amma Rediyo gajeruwa ce, kullum a layin gaba take, don haka ta tsira da fuskarta cif.

Kar-ka-motsa ya kai hoton farko bakin ƙofa wurin haske. Ga yara ashirin da wani abu suna dariya, ga tasa a tsakiya, fatar idon hagu kumbure kamar ƙudan zuma ya harbe ta, ta kare fuska da hannu. A na biyu idanun biyu ne, kumatun sun yi duhu sun yi rudu-rudu da ƙananan ƙuraje. A na bana ba ta ma kalli kyamara ba. Ta juya wa rana baya ta dunƙule, yarinyar da ke kusa da ita ta riƙe mata hannu. Ba gyara, ba shafa, hasken ma a karkace, aikin banza na ƙarshe. Kuma 'yarsa ce, yadda take, yadda kowa ke ganinta shekara uku. Yana kallo babban yatsansa na shafa wurin kumburin da kansa, yana neman gogewa. Da ya lura ya janye hannun ya sa a aljihu.

"Ai ni na zaci ka sani," in ji Yanke-kai, ba da mugunta ba. "Duk shekara sai na ce wa malamarsu, yarinyar nan 'yar babban mai hoto ce, ubanta ya fi kowa ido, yana nan yana nema mata magani."

Kar-ka-motsa ya karɓi hotunan, ya ce na gode da baki, ya fita.

Likita ta duba su ta gyaɗa kai, ta ƙara man shafawa na kumatu. Ta kuma ɗora masa aiki: hoton idon duk sati, a bakin taga, ba walƙiya, ba gyara. Matarsa ta ce ita ba ta yarda da shi ba, don haka da ya danna sai ta zare katin kyamarar ta jefa a gwangwanin maɓallai ta rufe, sai ranar asibiti. Makon farko an kama shi sau biyu yana shawagi kusa da gwangwanin, wai allura yake nema.

Aikin gasa idon da ruwan ɗumi kuwa ya ƙwace shi daga hannun kowa. Ya aro agogo mai ƙararrawa wurin maƙwabcinsa mai gyaran agogo, ya sayi tsummoki farare guda bakwai, kowace rana da nata. Yana gwada ɗumin ruwan a bayan hannunsa sau uku kafin ya ɗora. Wajen goge gindin gashin ido nan aka ga amfanin shekara ashirin na bin ƙurajen mutane ɗaya-ɗaya. Hannunsa ba ya rawa, ba ya tsallake gashi ko ɗaya. Har likita ta ce ba ta taɓa ganin uban da ya iya wannan aikin kamarsa ba, ya yi kwana uku yana gaya wa duk wanda ya zo fasfo. Ranar ɗaya ga wata ta zo ta wuce, fitilu masu lema ba su walƙa wa Rediyo ba. Mai kemis ya leƙo ya ce akwai wani sabon maganin da ya zo, aka amsa masa da gira.

A wata na biyu hazbiya ta daina fitowa. A na uku yarinya ta fito daga ƙarƙashin tebur, ta zauna bakin taga, ta sanar da cewa matar mai gyaran agogo ta yi yaji ta dawo, kyanwar maƙwabta kuma ta haifi huɗu. Uwar ta tsayar da keke ta kifa kai a kansa ta yi kuka mai isarta. Rediyo ta ba da labarin wannan ma ga duk wanda ya shigo.

Bayan wata shida suka koma awo, shi da ita, uwar na da ɗinkin da za a karɓa. Aka rufe mata idon hagu, ta karanta allon haruffa tun daga sama har layin ƙasa, ta ƙara da sunan kamfanin da ya buga allon. Aka rufe na dama. Ta karanta babban harafin sama, ta karanta layi na biyu, a na uku ta tsaya. Ta karkata kai, ta matso, ta ce allon ne ya yi datti. Likita ta ce jijiyoyin sun ja baya, kumburi ya kwanta, amma tabon ya zauna. Za a gwada tabarau, zai taimaka kaɗan. Gasa ido da goge shi kuwa ba ranar dainawa nan kusa, don cutar tana iya dawowa.

Suka fito rana tsaka, ba baƙin tabarau, tana ta zuba. A bakin titi suna jiran motoci su wuce, yana tsaye a hagunta, sai ta sa tafin hannu ta rufe idon dama ta ɗaga kai ta dube shi.

"Baba, da wannan idon kamar kana bayan gilashin da aka hura wa numfashi."

Ya tsura wa farin tabon ido.

"In mun je shago ka sa ni a kwamfuta ka goge mini shi mana."

Ya durƙusa a gabanta, a nan bakin titi, mutane na ratsa su. "Wannan ba ya goguwa, 'yar Baba."

"Ko kai?"

"Ko ni."

Sannan ta sauke hannun daga ido ta ce, "To ka daina tsayawa ta nan gefen, ba na ganinka sosai. Dawo ta nan."

Ya miƙe, ya goge fuska da hannun riga, ya zagaya ya koma damanta. Ta kama yatsansa, suka tsallaka.